Shin Ko Kun San? Su a Bazara, Daga Guzuguzu Har Bakin Teku

Shin ko kun san cewa ruwan saman da ke zuba a Gwarzo da Kabo, akasarinsa ba zai taɓa ganin teku ba? Rafukan yankin suna gangarawa ne su faɗa kogin Challawa, Challawa ta haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, su wuce ta Gashuwa a Komadugu Yobe, abin da ya tsira daga rana da masu noman rani ya ƙare a Tafkin Chadi. Shi kuwa Tafkin Chadi ba shi da ƙofar fita zuwa teku. Amma ka tsallaka iyaka ka nausa cikin ƙasar Katsina, sai labari ya sha bamban: ruwan can yana bin Karaɗuwa zuwa gulbin Rima, ya shiga Kwara, ya ƙare a Tekun Atilantika. Tsakanin Gwarzo da gaɓar teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 700, ko da tsuntsu ne ya miƙe bai ratse ba.

Shin ko kun san cewa yawancin ruwan da ake su a cikinsa yau a wannan yanki bai kai shekara 60 a duniya ba? Guzuguzu, Magaga, Pada, Marashi, da Kusalla ta wajen Ƙaraye, duk sun fito ne daga shirin gina madatsun ruwa da aka ɗauko tun zamanin Audu Baƙo, gwamnan Kano na farko, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya ƙara wa shirin ƙaimi. An gama Tiga a 1974. Autarsu kuma babbarsu a nan yamma, madatsar Challawa da ke Ƙaraye, sai a 1992 aka kammala ta. Bangonta ya kusa kilomita 8, kuma tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Don noman rani da ruwan sha aka gina su duka. Kifi gyara ne aka samu a kan ciniki.

Kafin madatsu, su a nan aikin 'yan kwanaki ne da rani. Rafi ya yanke, ruwa ya taru a gurabe, gari ya fita da homa da kwando da ƙwarya, a kwashe abin da Allah Ya hore a koma gida. Da ruwa ya zauna shekara zagaye, sai baƙin masunta suka biyo shi, kamar yadda suka bi Kainji bayan 1968, kuma a hannunsu 'ya'yan manoma suka koyi jefa birgi da ɗinkin kalli. Shi ya sa har gobe masuncin wannan yanki da wuya ka same shi masunci zalla. Da damina yana gona, da rani yana ruwa.

Kun san kuwa jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa tonowa a Afirka, a gaɓar wannan tsarin kogunan namu aka same shi? A Dufuna ta Jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙar rijiya ya ci karo da shi. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000.

Shin ko kun san cewa teku tana cikowa ta janye sau biyu a kowace rana? Wata ne ke jan ta, rana na taya shi, kuma cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren goma sha huɗu. A Legas bambancin bai fi kamar mita ɗaya ba, a Kalaba yakan kai mita 3. Da wannan masuncin bakin teku yake tsara fitarsa, don kifi na biyo ruwa zuwa gaɓa in yana cikowa, ya koma in ya janye. To, namu dam ɗin ma yana cikowa ya janye, sai dai shi sau ɗaya ne a shekara. Yakan tumbatsa a Agusta da Satumba, daga nan ya yi ta ja da baya har Afrilu da Mayu, lokacin da za ka yi tafiya mai nisa a kan busasshen taɓo mai tsage-tsage kafin ƙafarka ta taɓa ruwa. Rana kaɗai na iya shanye kusan mita 2 daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara a ƙasar Kano, ban da abin da injinan ban-ruwa ke zuƙa dare da rana. Kifin da ya bazu cikin ciyawa da damina, ya lafe a zurfi da hunturu yana ƙin cin koto saboda sanyi, yanzu ya matsu wuri guda, jikinsa ya yi ɗumi, yunwa ta taso masa. Bazara ita ce kakar masunci.

Shin ko kun san cewa wanda ya fi kowa sanin makwancin kifi a dam sau da yawa ba gwanin iyo ba ne? Tsohon da ya taɓa noma wurin ne kafin ruwa ya ci shi. Shi ya san inda tsohon kwarin rafi ya lanƙwasa, nan ne mafi zurfi, kuma nan kifi ke fakewa in rana ta take. Ya san inda kututturen tsamiya yake, wanda ke tara tarwaɗa amma yake yaga raga. Ya san tudun yashin da aka taɓa shuka gyaɗa, inda ƙarfasa ke son haƙa gurbi. Manyan jiragen teku na'ura suke kunnawa ta aika sauti ƙasa ta zana musu taswirar gindin ruwa. Dattijon namu kuwa zai tsaya a gaɓa ya daidaita wata giginya da wani dutse a ɗaya tsallaken, ya ce wa yaronsa: "Kai, miƙe nan, in ka zo saitin kukar can ka zuba." Abin takaicin shi ne masu wannan sani suna ƙarewa, kuma yashin da rafuka ke kwasowa daga gonaki kowace damina yana ta cike kwarin, har taswirar da ke kansu ta fara saɓa wa abin da ke ƙasa.

Shin ko kun san cewa ruwan zafi bai kai ruwan sanyi riƙe iskar shaƙa ba? Lita ɗaya ta ruwa mai ɗumin digiri 20 na iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin. In ɗumin ya kai digiri 30, sai ya sauko zuwa kamar 7 da rabi. Ga shi kuma a Afrilu zafin rana a Kano yana taɓa digiri 40. Da rana, gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore tana samar da iska; da dare sai ta juya tana shanye ta tare da kifin. Saboda haka lokacin da iska ta fi ƙaranci a ruwa shi ne gab da asuba. In ka je bakin dam bayan sallar Asuba ka ga ƙananan kifi sun taso suna buɗe baki a saman ruwa, ba wasa suke yi ba, numfashi suke nema.

Wannan kuma shi ke tsara wa masunci agogonsa. A dam mai zurfi irin Challawa, ruwan sama mai ɗumi yakan kwanta a kan na ƙasa mai sanyi ba tare da sun gauraya ba, na ƙasan kuma iskarsa ta ƙare. Wanda ya nitsar da kallinsa can ƙasa da zaton manyan suna gindi, wayam zai ɗago. Haka nan kifin da ya maƙale a raga da farkon dare yakan mutu da wuri a ruwan ɗumi, kafin gari ya waye cikinsa ya fara laushi. Don haka masu lura sukan zuba da magariba, su duba da tsakar dare, su ɗage tun kafin rana ta fito. Malalacin da ya bari sai hantsi, rabin kamunsa na masu banda ne, a kuɗin da suka ga dama.

Shin ko kun san cewa farin wata abokin gabar mai kalli ne? Kifi na hango raga a ruwa mai haske ya kauce, ba banza ba Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma. Duhun wata ya fi kamu. Ragar roba mai siririn zare kamar gashi, wadda ta kori ta zaren da a mafi yawan ruwayen Arewa, ta samu karɓuwa ne don kifi ba ya ganin ta sosai. Illarta kuwa, in ta tsinke ta ɓace a ruwa ba ta ruɓewa. Haka za ta yi ta kama kifi babu mai ɗagowa.

Iska ma tana da nata karatun. Gaɓar da iska ke turo ruwa gare ta, can ƙananan halittun da kifi ke ci suke taruwa, ƙananan kifi su biyo su, manya su biyo ƙanana. In ka ga zalɓe ya kafe a wuri guda tun safe, ya riga ka sanin wani abu.

Ko kun taɓa tsayawa kun kalli mai birgi da kyau? Yakan shiga ruwa iya cinya a hankali, ba ya ɗaga ƙafa, jan ta yake yi don kada ya kaɗa ruwan. Igiya na ɗaure a wuyan hannunsa, ya tattaro ragar ya rataya wani sashe a gwiwar hannu ko kafaɗa, darmar da ke bakinta na lilo. Ya juya ƙugu baya, ya dawo da ƙarfi ya saki, ragar ta buɗe da'ira a sama ta faɗa ruwa gaba ɗaya. Sai ya dakata darma ta kai ƙasa, sannan ya ja sannu-sannu don bakin ya haɗe. Mai dabara yakan riga ya watsa dunƙulen dusa a wurin tun da jimawa, ya kuma tsaya ta yadda inuwarsa ba za ta faɗa gabansa ba. Sabon shiga kuwa ragarsa a naɗe take faɗawa, ta kori kifin da ma yake kusa.

Shin ko kun san cewa masunci da yatsu yake auna idon raga, ba da tef ba? Mai yatsa ɗaya, mai yatsa biyu, mai uku, mai huɗu: iya yatsun da suka shige ido guda, shi ne girmanta. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta sa milimita 76, wato inci 3, a matsayin mafi ƙanƙantar idon raga da aka yarda da shi. Ku je bakin kowane dam ku ƙirga ragar da ta cika wannan sharaɗi. Ba za ku gaji da ƙirga ba.

A nan ne maganar take da nauyi. Shin ko kun san cewa ƙarfasa a bakinta take renon 'ya'yanta? Da ruwa ya yi ɗumi bayan hunturu, namijin yakan zo wuri mara zurfi ya share yashi da bakinsa, ya yi ɗan gurbi zagayayye, ya tsaya yana gadinsa yana korar duk namijin da ya matso. In ruwan ya kwanta da safe za ka iya hango gurabun jere a ƙasa. Macen ta zo ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, sai ta kwashe su tas a bakinta ta tafi. Mako ɗaya zuwa biyu tana ɗauke da su, ba ta cin komai, har su ƙyanƙyashe. Ko bayan sun fara fita kiwo, da sun ji motsi sai su ruga su koma bakin uwar. Wannan halin ƙarfasar Nilu ke nan. Akwai wata irin da uwa da uba duka ke ɗauka, akwai kuma mai jan ciki wadda take zuba nata a ƙasa su biyu su yi gadi. To, ku lura da abin da ya haɗu: lokacin da ruwa ya ja baya, kifi ya matsu, kamu ya yi sauƙi, shi ne daidai lokacin da ƙarfasa ta fito fili tana aure. Duk wanda ya taɓa gyaran ƙarfasa a bazara ya san yadda wani lokaci ƙwai rawaya ko 'yan mitsi-mitsin kifi ke zubowa daga bakinta cikin daro. Ɗari-ɗari ne a baki guda. Mai jan taru a bakin gaɓa a wannan lokaci ba uwar kaɗai yake ɗauka ba, yana kuma shafe gurabun da ƙasan ragarsa. A tafkin Kainji sai da aka kai ga hana jan irin wannan taru da ake kira dala. Kuma ƙarfasa tana da wata dabara mai ban tausayi: in aka matsa mata da kamu, sai ta fara haihuwa tun tana ƙarama. Dam ya cika da kifi, amma duk iya tafin hannun yaro. In kun ji ana cewa kifin dam kaza ya ƙanƙance, sau da yawa ba ruwan ne ya lalace ba, raga ce.

Mafi muni shi ne gidan sauro. An raba shi don zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ɗinke biyu ko uku suka mai da shi abin jan ruwa. Ba ya barin ko ƙwai, ga kuma maganin ƙwarin da aka jiƙa shi da shi, wanda guba ne ga kifi. A ganina wannan ba su ba ne, shara ce.

Shin ko kun san cewa wani nau'in ƙurungu a rigingine yake iyo, cikinsa na kallon sama? Kuma in ka kama shi yakan yi gurnani, ya kulle ƙayoyinsa uku su tsaya cak, shi ya sa cire shi daga raga yake cin lokaci da yatsu.

Minjirya kuwa na iya sakin lantarki mai ƙarfin bolt 350. Mutanen Masar na dā sun zana ta a bangon kaburburansu dubban shekaru kafin a san wutar lantarki.

Shin ko kun san cewa ana yin su da fartanya? Gaiwa tana da huhu. In fadama ta fara ƙafewa sai ta nitse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kamar fata, ta bar 'yar ƙofar shan iska. Haka za ta yi watanni tana jiran ruwa, kuma maganar da ake yi cewa jikinta take ci gaskiya ce: tsokarta take narkarwa a hankali ta rayu. Masu ido sukan gane ƙofar a busasshen taɓo su tono ta da ranta.

Giwan ruwa na iya kai kilo 200. Da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya cinye ɗaruruwan nau'in ƙananan kifin da babu irinsu a ko'ina a duniya. Duk mai shawarar a kawo baƙon kifi a zuba a dam, a fara ba shi wannan labari.

Shin ko kun san cewa rufe ruwa ba dabarar Turawa ba ce? A ƙasar Hausa an daɗe da sanin ruwan da Sarkin Ruwa ke hana taɓawa har sai ranar da aka sa, sannan a yi shela a faɗa gaba ɗaya. Bikin Argungu, wanda ake lissafin farkonsa daga 1934, kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, a kan wannan ginshiƙi yake tsaye: ana tsare ruwan Matan Fada shekara guda, a buɗe na ɗan lokaci, kuma da homa da gora kaɗai ake shiga. Wanda ya yi na ɗaya a 2020 kifi mai kilo 78 ya fito da shi. Irin wannan kifi ba ya girma a ruwan da ake tatsa kullum. A gaɓar Gana masunta da yawa ba sa fita teku ranar Talata, al'ada ce ta kaka da kakanni. A 2021 kuma gwamnatin ƙasar ta rufe teku ga masu kwalekwale duk watan Yuli, ga manyan jirage wata biyu, don kifi ya samu ya hayayyafa.

Can arewacin Norwe, a tsibiran Lofoten, babban sun shekara yana faɗowa ne daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da wani babban farin kifi ke tasowa daga Tekun Barents, tafiyar kusan kilomita 1,000, don ya zo ya zuba ƙwai. Su ma kenan a lokacin haihuwa suke kamu, amma tun ƙarni na 19 suka kafa doka: aka raba teku tsakanin masu raga da masu ƙugiya, aka sa masu sa ido, kuma babu jirgin da zai bar gaɓa da safe sai an ba da alama. Kifin da suka kama sukan rataye shi a kan dogayen katakai wajen wata uku, babu gishiri babu hayaƙi, iska ce kawai. Sanyin ya isa ya hana ƙuda, bai kuma kai ya ɓata naman ba. Ina kawunan suke zuwa? Nijeriya. Wannan busasshen kifi shi ne wanda Ibo ke kira okporoko, kuma ya ƙara kama ƙasa a nan tun lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da aka riƙa shigo da shi a matsayin agaji. Ka shiga Sabon Garin Kano ka gan shi tuli.

Shin ko kun san cewa kifin da aka fi soyawa a bakin titi a Gwarzo da Getso da Garo sau da yawa ya fi mai soya shi yawon duniya? Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, amma alƙaluman gwamnatin tarayya sun nuna ana buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuma bai kai rabin hakan ba. Kifin ƙanƙara ne ke toshe wani ɓangare na giɓin. Wani nau'in fanla ana kama shi ne a Maris da Afrilu a yammacin Ayilan, inda yake taruwa don haihuwa, a daskarar da shi a cikin jirgi tun kafin a ga tudu. Sukumbiya kuwa ta fi maiƙo in an kama ta da kaka; wadda aka kama bayan sanyi ramammiya ce. Dalilin ke nan da wani kwalin yake fin wani daɗi, ko da sunansu ɗaya, kuɗinsu ɗaya.

Shin ko kun san cewa magimfa da ake dakawa a zuba a ruwa tana toshe wa kifi numfashi ne? Tsohuwar dabara ce ta ƙananan kududdufai. Da aka samu gamalin, maganin ƙwarin koko, sai abin ya zama ɓarna: ya kashe babba da ƙarami, ya zauna a kitsen kifin, ya bi mai ci gida. Dokar 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki a su, sinadarin gamalin kuma ya shiga jerin waɗanda duniya ta hana a yarjejeniyar Stockholm a 2009. Ku tuna, ruwan nan shi shanu ke sha, shi ake kai wa tumatir.

Sauran kayan aiki a gurguje: gura, wadda masuntan Mali suka shigo da ita, ana sa mata dunƙulen dusa a ajiye a bakin ciyawa; mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi babu koto, tarwaɗa ce ke gogar ta ta maƙale; fatsa ta yara, da tana ko hanjin kaza. Mai gora kuma yakan kwanta a kanta ruf da ciki, yana tuƙi da hannu da ƙafa, abin da ya kama ya jefa ta bakin goran. Yanzu wasu sun koma tiyub ɗin mota da jarka.

Shin ko kun san cewa tarwaɗa tana jiran ruwan farko kamar yadda manomi ke jira? Duk bazara tana ɗauke da ƙwai, dubun-dubata a ciki guda, ba za ta zuba ba sai sabon ruwa ja ya shigo dam. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ta yi ayari ta hau rafi, ta shiga ciyawar da ruwa ya rufe, wani lokaci bayanta a waje. Tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, don haka ratsa jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ya yi mata wuya. Ta zuba ƙwan ta tafi abinta, cikin kwana ɗaya zuwa biyu su ƙyanƙyashe. A irin wannan dare ko mai sanda da tocila masunci ne. A makon ne kuma shinge ke tashi, kuma babu koton da ya kai shi.

Sai dai ruwan farko da iska yake zuwa. Hadarin ƙarshen bazara daga gabas yake tasowa, ƙura a gaba, kuma tsakanin ganinsa da isowarsa ba a cika samun rabin awa ba. Dam da yake kwance lumui sai ya tashi da igiyar da ta fi ƙarfin kwalekwalen katako. Tsofaffin masunta da sun ga gabas ta yi duhu, iska ta ɗauke ɗif, sukan bar ragar su kama filafili. Irin wannan iska da ruwan sanyi na iya juyo da ruwan ƙasa mara iska zuwa sama, a wayi gari kifi na yawo a galabaice, har a fara zargin an zuba guba alhali ba kowa. Ba kuma sai da hadari ruwa ke ci ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga Badau ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, maƙwabciyarmu, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi ne ya yi masa yawa. Allah Ya jiƙansu. 

Shin ko kun san cewa fitsarin jinin da ake gani ga yaran bakin dam ba alamar balaga ba ce? Tsargiya ce. Tsutsarta na fitowa daga dodon koɗin ruwa ta huda fata, kuma ta fi yawa a ruwa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara wanka. Akwai maganinta a asibiti, ƙwaya ce da ake sha bisa tsawo ko nauyin mutum.

Na ƙarshe na masu cefane ne. A bakin ruwa da sassafe ba a san sikeli ba, da daro da kashi ake ciniki. "Sarki, nawa wannan?" Ya faɗa, a taya, ya ce albarka, a ƙara, ya sallama, kowa na sauri don ya san rana ba ta jiran kowa, kuma a zafin Afrilu ɗanyen kifi ba ya wuce 'yan sa'o'i babu ƙanƙara. Ɗaga murfin kunnensa: in cikin ja ne jawur, ido garau, ka danna naman ya dawo, na yau ne. Abin da bai samu shiga ba sai banda. A lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyar da ƙayarta ko da tsinke, a jera a kan waya bisa rabin durom, wuta kaɗan hayaƙi da yawa, ana juyawa har ta yi baƙi-baƙi tana ƙyalli. Maƙiyinta bayan nan wani ɗan ƙwaro ne da ke cinye naman ya bar fata da ƙaya, kuma don gudunsa ne wasu marasa tsoron Allah ke yayyafa wa kifi fiya-fiya. Hajiya, in kin ga tiren busasshen kifi a tsakiyar kasuwa da bazara, ƙuda na kan tiren maƙwabci amma ko ɗaya bai sauka a kan wannan ba, ki riƙe kuɗinki ki ƙara gaba.